Darussan da na koya a ofishin kula da benen haya

Duk wanda ya taɓa aikin kula da gidajen haya ya san iyayengijinsa biyu ne, kuma ɗaya ne kaɗai ke biyansa. Mai gini ya ɗauki kamfani, kamfani ya ɗauke ka, albashinka daga kason da ake yanka a kuɗin haya yake fitowa. Ɗan haya kuwa shi ke riƙe da lambar wayarka, shi ke tashinka tsakar dare in ruwa ya ɗauke ko lif ya tsaya da mutum a ciki. Yanzu da na miƙa makullai na bar aikin, akwai maganar da nake so in bar wa ƙannena da ke ofis da waɗanda za su zo bayansu. Zan yi ƙoƙarin yin adalci. In an ji murya ta ɗan ɗaga a wani wuri, a yi mini uzuri.

Shugaban sashenmu mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba zan hana masa ba. Ya haddace yarjejeniyar haya, ya iya zama da masu gine-gine har su tashi suna jin dukiyarsu tana hannun amana. Sai dai aƙida guda ya gina ofishin a kanta: ɗan haya maƙaryaci ne sai ya kawo shaida, in ya kawo kuma a nemi wata. Abu biyu yake dubawa a rahoton ƙarshen wata, yawan ƙorafin da aka rufe da ƙarancin abin da aka kashe a gyara. Ba ya tambayar ko matsalar ta warware. Kuma duk wanda ya zauna a wannan kujera ya san hanya mafi arha ta rufe ƙorafi ita ce a tura mai fenti.

Wata mata da yaranta biyu suna zaune a hawa na biyu a ɗaya daga cikin benen da ke hannuna. Ta fara kira a kan danshi a bangon ɗakin yara, daga saman kusurwa yana gangarowa. Na je na duba. Ga wanda bai sani ba, danshi iri biyu ne a irin waɗannan gidaje, kuma rabe su shi ne rabin aikin. Akwai gumin bango, wanda tururin girki da wanka da shanya a ɗaki ke haifarwa in iska ba ta zagayawa. Shi yakan zauna a jikin taga da bangon waje da bayan kabad, ya fito da ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna, ya tsananta lokacin sanyi. Akwai kuma yoyo daga bututu ko rufi. Shi tabonsa yana da iyaka, ruwan ƙasa ne ko rawaya, fenti yana kumbura yana ɓarewa, wani farin gishiri yana fitowa a kan filasta, kuma in na bututu ne ba ruwansa da yanayi. Gwajin ma ba ya cin komai. Ka manna leda a bangon ka liƙe gefunanta, ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. In jiƙar tana fuskar da ke kallon ɗaki, gumi ne. In tana tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin gini yake. Na matar nan tsakanin leda da bango yake, kuma saitin kusurwar, a hawa na uku, banɗaki ne.

Na rubuta rahoto, na haɗa da hotuna, na nemi a turo mai gyaran famfo ya fasa ƙasan banɗakin sama ya duba.

"Yallaɓai, wannan ba gumi ba ne. Yoyo ne daga sama."

"Malam, yaushe ka zama injiniya? Mata ce mai yara, shanya take yi a ɗaki, ba ta buɗe taga. A shafa fenti, a rubuta mata ta riƙa buɗe taga."

Aka shafa. Tabon ya dawo. Aka sake shafawa, aka sake rufe ƙorafin a kwamfuta, lissafin wata ya yi kyau. Ita kuwa ta mayar da yaran falo suna kwana, tana biyan hayar ɗakin da ba ya shiguwa. Dalilinsa na sani, ba ɓoyayye ba ne. Fasa banɗaki yana nufin a rubuta wa mai gini a nemi kuɗi, a nema wa na sama inda zai yi wanka, rahoton gyara ya kumbura. Fenti kuwa daga ƙaramin asusun ofis ake saye, ba wanda zai tambaya.

Da wa'adin hayarta ya cika ta ce ta gaji, za ta tashi. A nan ne abin da har yau yake ci mini rai ya faru. Aka kawo mini takardar duba ɗaki an riga an cike ta: ɗan haya ya lalata bango da sakaci, a cire kuɗin kankarewa da sabon fenti daga kuɗin ajiyarta, wato wanda ta bayar lokacin shiga aka riƙe saboda ɓarna. Wurin sa hannuna kawai aka bari. Na ce ba zan sa ba. Yallaɓai bai yi faɗa ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ja takardar ya sa nasa hannun, ya ce in tafi.

Ta zo ofis ranar da ta ga abin da aka maido mata. Ba ta yi hayaniya ba, ta tsaya a gaban teburina.

"Malam, kai fa ka gani da idonka."

"Na gani, Malama."

Na buga mata kwafin rahotona na farko da hotunan da kwanan watansu, na gaya mata inda ake kai irin wannan ƙara. A ganina haƙƙinta ne, ɗakinta aka duba, kuɗinta aka yanka. Labari ya kai masa kafin a tashi. Aka ɗauke ni daga benen aka tura ni mafi nisa a cikin gidajen kamfani, kuma da lokacin ƙarin girma ya zo aka tsallake sunana aka ba wanda ni na koya masa cike fom. Matar ba ta kai ƙara ba. Mai yara biyu da ke fama da kwashe kaya da biyan sabuwar haya ba ta da lokacin zaryar kotu, kuma da wannan ake dogara. Yawancin abin da ake yanka a kuɗin ajiya ba don an yi gaskiya ake cinye shi ba, don an san mai shi ba zai biyo sawu ba ne.

Kuɗin ajiya ba na mai gida ba ne, balle na kamfani. Amanar ɗan haya ce da aka riƙe don ɓarnar da ya yi da hannunsa, ban da tsufan da kowane ɗaki ke yi in ana zaune a cikinsa. Fenti ya dusashe, hannun ƙofa ya saki, famfo ya fara ɗiga saboda robarsa ta cinye, duk wannan kuɗin haya ya riga ya biya. Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun raba amanar da hannun mai riƙo. A Ingila tun 2007 doka ta tilasta a saka kuɗin a wani tsari na daban da gwamnati ta amince da shi, yanzu cikin kwana 30 da karɓa, in an yi saɓani kuma wani can da ba ruwansa da ɓangarorin ke yanke hukunci. A Jamus ba a karɓar fiye da hayar wata 3, kuma dole a ajiye shi daban da dukiyar mai gida. Inda babu irin wannan shinge, wanda ke riƙe da kuɗin shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai cin ribar hukuncin.

Bayan an zuba sabon ɗan haya a ɗakin, wani dare filastar silin ta rufto. Allah ya kiyaye ba kowa a ƙarƙashi. Da aka fasa banɗakin sama sai ga mahaɗar bututu ta tsage, ruwa ya daɗe yana bin kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsattsaga abin da ke kewaye da shi. Gyaran da a farko na yini ne ya koma na makonni, da iyali biyu da za a nema wa masauki. Mai gini ya zo da fushinsa. A gabana Yallaɓai ya buɗe baki ya ce ma'aikacin da ke kula da benen a lokacin bai taɓa sanar da shi akwai yoyo ba.

Ban ce komai ba a wurin. Da safe na kai wa babban manaja kwafin imel ɗin da na tura, da amsar da aka ba ni ta a shafa fenti, da kwanan wata. Aka karanta, aka ce in koma bakin aikina, magana ta mutu. Ba a ba ni haƙuri ba, ba a maido ni benen ba, ba a nemi matar an biya ta ba. Yallaɓai yana nan a kujerarsa. Abin da takarda ta yi mini kawai ta hana a kore ni da laifin wani, kuma ban raina ba.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A aikinmu wannan ba hikimar zance ba ce, bayanin aiki ne. Mu muna zagaya gini sau ɗaya a mako, ɗan haya kuwa a ciki yake kwana. Shi ke jin warin waya tana ƙonewa a bango, shi ke lura ƙofar matakala ta daina rufuwa da kanta, shi ke ganin tsagar da ta ƙara tsawo. Mai duba gini ne da ba a biyansa, shi ma ke biya. Ofishin da ya koyi jin muryarsa a matsayin damuwa ya toshe kunnensa da hannunsa.

Kada a ce ƙaramin ofishinmu ne kawai. A Rochdale ta Ingila, yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, ya rasu a Disambar 2020, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta yi sanadi. Mahaifinsa ya kai ƙorafi tun 2017, aka ce ya shafa fenti a kai, daga baya aka ɗora laifin a kan yadda iyalin ke zama a gidan. Da na karanta labarin sai da na ajiye wayar, don kalmomin da na ji a ofishinmu ne aka maimaita. Saboda yaron aka yi doka a 2023 da ke ɗaure hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba jama'a gidajen haya masu rahusa da wa'adin duba irin wannan ƙorafi da gyara shi. Benen Grenfell na Landan, mai hawa 24, ya kama wuta ranar 14 ga Yuni 2017, mutum 72 suka mutu. Mazauna ginin sun shekara da shekaru suna kuka a kan hatsarin gobara, har a 2016 wasunsu suka rubuta cewa sai bala'i ya auku za a saurare su. Rahoton ƙarshe na binciken, a Satumbar 2024, ya ce duk mace-macen nan abin da za a iya kauce wa ne.

Ba ina cewa ɗan haya waliyyi ba ne. Na ga mai zuba man girki a kwatami ya toshe bututun hawa uku, na ga mai jan wuta daga fitilar matakala, na ga wanda ya tashi da dare da bashin wata da watanni ya bar makulli a ƙofa. Amma ko shi wanda ya ƙi biya, ba a canza masa kwaɗo, ba a yanke masa ruwa ko wuta, ba a fitar masa da kaya waje. A ƙasashe da dama yin haka laifi ne, notis da kotu su ne hanya. In aka umarce ka da yi, ka ce a rubuto maka. Za ka ga ba a rubutowa.

Sauran darussan gajeru ne. Ranar da mutum zai shiga, ku zagaya tare, ku ɗauki hoton kowane bango da lambar mita, ku sa hannu ku biyu. Kuɗin hidima, wanda 'yan haya ke biya don irin su shara da gadi, a liƙa lissafinsa inda kowa zai gani, don mutane sun fi haƙuri da tsada a kan duhu. Kada ka buɗe ɗakin mutum ba da saninsa ba don makulli yana aljihunka, sai in wuta ce ko ambaliya. Rigimar hayaniya tsakanin na sama da na ƙasa, je ka saurara da kunnenka kafin ka rubuta wa kowa. Matakala ba sito ba ce, ko kayan wa ne. Ka girmama maigadi da mai shara, sun riga ka sanin komai. In ba za a yi gyara a makon nan ba, faɗi haka, kada ka ce gobe. Umarnin da aka ba ka da baki, ka koma teburinka ka tura shi a rubuce, ka ce kamar yadda muka yi magana.

A takardar miƙa aiki na lissafa duk ɗakunan da ke kan layin bututun nan, da sauran benen da aka gina da irin kayansa a lokaci guda, na ce a duba su kafin su ma su rufto. Kwafi ɗaya yana teburin Yallaɓai. Ɗayan na aika wa mai ginin kai tsaye, abin da dokar ofis ta hana. Takardar gargaɗin da za a ba ni a kan haka sai dai a aiko mini gida.