Disket mai tada tsohuwar kwamfuta

Masu gyara a Maradi, kafin ku ce hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) ɗin tsohuwar kwamfuta ya mutu, ku gwada disket mai 1.44 MB. A sa disket a kwamfuta lafiyayya mai DOS (tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta), a rubuta FORMAT A: /S, sannan a kwafa SYS.COM da FDISK.EXE a kai. A BIOS (saitin tashi) na kwamfutar da ta ƙi tashi, a sa A (disket) gaban C (hadis). In ta tashi, FDISK /MBR na gyara sashen farko na hadis, SYS C: kuma ya mayar da fayilolin tashi.

Amma fa DOS 6.22 ba ya ganin hadis mai tsarin fayiloli na FAT32, sai disket na Windows 98. In BIOS na mance hadis kullum, galibi batirin BIOS ɗin (irin su CR2032) ne ya ƙare. Ƙurar hunturu kuwa tana cin disket, shi ya sa ake yin biyu.