Kafin in sayar maka da sifika, sai na ga falonka

Shagonmu ƙarami ne a Kano, ni da yara biyu. Muna sayar da kayan sauti, sifikoki da amfilifaya da wufa (sifikar da ke fitar da ƙara mai kauri), mu kuma je gida mu haɗa su. Wasu kayan daga kasuwar Alaba ta Legas muke ɗauko su, wasu a nan Sabon Gari.

Mai saye in ya shigo, tambayarsa ta farko "wat nawa ce?" Lambar da ke jikin kwali yake nufi, wadda ake rubutawa dubu-dubai da PMPO a gefenta. Wannan lissafin talla ne. Wanda ake iya dogara da shi RMS ne, wato ƙarfin da kayan ke iya riƙewa a kai a kai, kuma sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ni kuwa tambayata ita ce: Alhaji, falon naka tayil ne ko kafet?

Dubi yadda ake gina falo yanzu. Tayil a ƙasa, bangon bulo da filasta, silin na POP, ga manyan tagogin gilas. Babu ko ɗaya da ke shanye sauti, duk dawo da shi suke yi. Muryar mai karanta labarai ta fito daga sifika ta iso kunnenka, kafin ta wuce sai ga wadda ta bugi bango ta biyo baya, ga ta silin, ga ta ƙasa. Maganar ta cakuɗe. Mai gida ya ƙara murya, amsa-kuwwar ma ta ƙaru, sai ya ce kayan ne ba su da kyau. Shi ya sa in na shiga gida, tafi ɗaya nake yi a tsakiyar falo in saurara. In ƙarar ta yi jela kamar a cikin rijiya, na san ba sabon amfilifaya ake nema ba.

Wannan ilimin ya girmi lasifikar zamani. A 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani ɗakin lacca da ba a gane abin da malami ke faɗa, domin kalma kan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta mutu. Da dare yake aikin, ana kwaso matasan kujeru daga wani zaure ana shimfiɗawa, yana auna yadda ƙarar ke raguwa. A falon gida, abin da muke nema ƙarar ta mutu cikin kusan rabin daƙiƙa.

Gyaran kuwa yawanci yana cikin gidan. Kafet mai kauri tsakanin sifikoki da wurin zama, labule mai nauyi mai yawan ninki a kan gilas, kujeru masu soso. Sifikokin biyu mu fito da su daga cikin kabad ɗin talabijin, mu daidaita su da tsayin kunnen wanda ke zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujera. Sai in zaunar da mai gida, yaro ya ɗauki madubi yana jan sa a jikin bangon gefe. Duk inda mai gida ya hango sifika a madubin, nan ne sauti ke fara bugawa ya dawo masa, nan za a rataya darduma ko labule. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya yin komai sai tara ƙura, siririn soso kuma siririyar ƙara kaɗai yake kamawa.

Bes, wato ƙara mai kauri, shi ne mai wuyar sha'ani. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka falo mai tsawon mita 5 yana da amon da yake kumburawa a wajen hatz 34, wato girgiza 34 a daƙiƙa. A jikin bango da kusurwa ya yi ta gurnani, a tsakiyar ɗaki a neme shi a rasa. Kujera kuwa a gidajenmu manne take da bango. Dabararmu ita ce mu ɗora wufar a kan kujerar mai gida, mu kunna, in durƙusa in bi gindin bango da rarrafe ina saurare. Inda na ji bes ɗin ya fito sumul, nan wufar za ta zauna. Yaran gida kan taru suna dariya, ba komai.

Ba wai kaya ba su da tasiri ba. Ƙananan sifikoki ba za su cika falo mai saitin kujeru biyu ba, kuma wuta mai hawa da sauka tana ƙona amfilifaya in babu sitabilaiza. Janareta a bayan taga ma yana cinye rabin abin da ka saya.

Amma inda aikin ya fi tsayawa wajen uwargida ne. Falon nata ne, ita ta tsara shi, ba ta son ganin wayoyin sifika, ba ta son a rufe tayil ɗin da aka kashe wa kuɗi. Sai in ce, Hajiya, a yi mini aron kafet ɗin ɗaki na minti kaɗan, a sa karatun da kika saba ji. In ta ji bambancin da kunnenta, mu daidaita a kan rabin abin da na nema. Kuɗin zuwa duba falo nakan karɓa tun farko, in an sayi kaya a wajena in cire shi daga ciniki.