Abin da na koya a gefen Baba mai ogan

Baba mai ogan kowa ke ce masa, har jikokinsa. Malamin firamare ne tun makarantu na hannun mishan, kafin gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970, lokacin da St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi. Da safe ya koyar da lissafi, da yamma ya cika allon majami'a da solfa, wato rubutun karin waƙa na do-re-mi, da alli guda. Mawaƙansa na farko ma'aikatan masaƙun Kakuri ne, wasu daga bakin inji suke zuwa gwajin waƙa da ɓurɓushin auduga a gashinsu. Bara da damina muka binne shi. Ni kuma ƙarshen watan nan zan sauka daga shugabancin mawaƙa, shi ya sa nake so matasanmu su san hannun da ya rene mu.

Ogan ɗinsa na ƙafa ne, ba ruwansa da NEPA. Ƙafafu na taka zugazugi, hannuwa na kan maɓallai, ido na kan jama'a. Da hunturu katakon kan bushe, iska ta riƙa zurarewa, sai ya ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinsa, ya lulluɓe shi da bargo. A rikicin Fabrairun 2000, da iyalai da yawa suka haye gada suka koma Sabon Tasha da Narayi, ogan ɗin ya fara ɗorawa a bayan akori-kura kafin katifarsa.

Da na je koyo, bai bar ni na taɓa maɓalli ba. Ya ce, "Ɗana, je ka zauna a bayan iyayenka na Zumuntar Mata, ka ji inda suke shan numfashi." Can na gane abin da yake yi. Waƙoƙi da yawa na Littafin Waƙoƙi karinsu na Turawa ne, kuma muryar da aka rubuta su da ita ta yi wa tsofaffinmu sama, balle a sujadar safe da maƙogwaro bai buɗe ba. Baba kan sauko da waƙar taki ɗaya ko biyu, a kansa, da yatsunsa, tun kafin a zo da kibod mai maɓallin da ke yin wannan aiki. Tsakanin baiti da baiti yakan ɗan jira tsohuwar da ta fi kowa jan murya. Shi ya sa in yana kaɗawa majami'a duka ke rerawa, har masu gadi a bakin ƙofa.

Bayan an rufe masaƙar KTL ta Kakuri a 2002 mawaƙa suka watse neman abinci, ƙungiya ta rame. A wannan tsakanin ne wani dattijo mai hannu da shuni ya zama shugaban kwamiti, ya sayo kibod ɗin Yamaha da ganguna da manyan lasifikoki. Baba ya yi murna da kayan, shi ya fara cewa in koya. Ba wanda ya ƙi sabon abu. Yadda aka yi da mutum ne ya ƙone mini rai.

Ran wata Lahadi, a tsakiyar sanarwa, bayan maganar kuɗin rufin kwano, sakatare ya karanta cewa kwamiti ya hutar da Baba daga yau. Ba a kira shi gefe ba, ba a je gidansa ba, ko Mama ba a gaya wa ba. Yana zaune a kan bencinsa, ya riga ya buɗe waƙar rufewa. Ina kusa da shi, na ga yatsansa na rawa a kan takardar. Da Fasto ya kira lambar waƙa, ya taka zugazugi ya kaɗa ta har baitin ƙarshe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya rufe murfin, ya ninke bargon da kyau, ya koma bencin maza.

Washegari na sami shugaban a gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, Dattijo, mutumin da ya koyar da rabin kwamitin nan karatu, ai ya cancanci a zauna da shi tukuna." Bai ajiye wayarsa ba ya ce, "Ikkilisiya ba gidan tarihi ba ce." Ni kuma aka ba kujerar Baba. Na je wurin Baba da niyyar in ƙi, ya ce, "Karɓa, ɗana. In ka ƙi, wa zai jira tsofaffin nan?" Ko sisin sallama ba a ba shi ba. Aka jefa ogan a sito, ɓeraye suka cinye zugazugin. Ranar jana'izarsa dattijon nan ne ya fi kowa daɗewa a kan makirfo yana yabonsa. Na yafe, domin an umarce mu, amma ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

To ku da za ku gaje ni, duk shawarar da ta shafi mutum, ku tabbata ya ji ta a ɗakinsa kafin ya ji ta a lasifika. Wanda ya sayi kayan kiɗa a gode masa, amma kada kuɗinsa ya zaɓa muku waƙa. Ku rage ƙarar kibod har sai kun ji muryar bencin baya. Ku iso kafin mawaƙa. Ku koyi solfa, don ranar da janareta ya ƙi tashi.

A shekarun da na riƙe aikin nan ba mu taɓa fasa waƙa don an ɗauke wuta ba, kuma wannan horon Baba ne. Littattafansa na solfa, da rubutun hannunsa, suna cikin kabad ɗin ƙarfe, gara ta fara taɓa biyu, a yi musu hoto da wuri. Na rubuta wa kwamiti a gyara ogan ɗin, akwai mai gyara da ya duba ya ce zai tashi. Har yau ba amsa. Kwafin wasiƙar na cikin fayil, wanda ya karɓe ni ya sake kai musu.