Abin da Kindirmo Ya Yi wa Ƙwayar Hakin Wuya a Cikin Faranti

Lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke lulluɓe Damagaram, iyaye mata kan cika likita da yaran da maƙogwaronsu ya kumbura, jiki zafi rau, ko kunu ba sa iya haɗiyewa. A irin wannan lokaci na yi binciken kammala karatuna, ina son sanin ko ƙwayoyin da ke tsamar da madara suna iya hana ƙwayar hakin wuya girma.

Da izinin iyaye muke goga auduga a bayan maƙogwaron yaro, mu shafa a farantin rainon ƙwayoyin cuta da aka haɗa da jinin tunkiya, mu ajiye a zafin digiri 37 har awa 24. Ƙwayar da muke nema, Streptococcus pyogenes, tana narkar da jinin da ke kewaye da ita, ta bar fili garau da ake gani idan an ɗaga farantin sama ga haske. A farantan yara da yawa ba ta fito ba, domin mafi yawan ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi.

Kindirmon kuwa daga Kasuwar Dole na sayo. Zubin farko ya lalace gaba ɗaya, domin wuta ta ɗauke cikin dare, kuma ban wanke hannu yadda ya kamata ba, sai na tarar da fumfuna ta mamaye komai. A karo na biyu na ware ƙwayoyin Lactobacillus, masu tsamar da madara, daga kindirmon, na huda ƙananan ramuka a farantin da ƙwayar cutar ke kai, na ɗiga ruwan da na rene su a ciki. Da safe kowane rami yana da zoben da babu abin da ya tsiro a cikinsa, har na fara rubuta sakamako cikin murna.

Malamina ya duba, ya ce, "Ɗana, kashe tsamin tukuna." Da na rage tsamin ruwan na maimaita, yawancin zobban sun ɓace, ƴan kaɗan suka rage, sirara. Ashe tsami ne ya yi mafi yawan aikin, ragowar kuma wataƙila na gubar da ƙwayoyin ke fitarwa ne don kashe abokan gasarsu. A faranti tsamin yana kwana a wuri ɗaya, alhali a maƙogwaro miyau na wanke shi cikin ƙanƙanen lokaci.

Shi ya sa da gwaggona ta ji labarin, ta ce za ta bai wa jikanta mai ciwon maƙogwaro kindirmo ta kuma kira wanzami ya cire masa beli, na ce, "Gwaggo, ki ba shi kindirmon ya sha, amma a bar askar nan." Na gaya mata cewa ƙwayar hakin wuya, idan ba a kashe ta ba, tana iya jawo zazzaɓin gaɓoɓi da ke lalata zuciya. Likita ya duba yaron, ya rubuta amoksisilin na kwana 10, ni kuma na riƙa zuwa gidan bayan sallar isha'i ina ƙirga abin da ya rage na maganin, domin tun kwana na uku da zazzaɓi ya sauka gwaggo ta so ta ɓoye sauran don wata rana.