Albam ɗin da ya cinye min katin Ahmed Musa

Duk mai tara katunan 'yan ƙwallo, ko na Pokémon ko Yu-Gi-Oh ɗin nan da yara suka fara ɗauka, don Allah kafin ka zura katinka cikin kowace irin leda ka fara kai ta hanci ka shinshina. Ba wasa nake ba. In ka ji tana wari irin na sabuwar ledar ɗaki da aka shimfiɗa wa amarya, ajiye ta, kar ma ka tsaya ciniki. Wannan warin PVC ne, wata irin roba, kuma shi ya yi min ɓarnar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni katunana yawanci Match Attax ne na kamfanin Topps da 'yan kaɗan na kamfanin Panini, ƙanina da ya yi karatu a Ingila shi yake taho min da su duk zuwan da ya yi, don can a shagon unguwa ma ana sayar da su kusa da alawa. A ciki akwai na Ahmed Musa lokacin yana Leicester, bayan ya baro CSKA Moscow a 2016. Ba kati ne mai tsada ba, kar wani ya ɗauka miliyoyi na yi asara, amma mutumin da muka gani da idonmu yana buga wa Kano Pillars, ya je ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018, ai katinsa ba ɗaya yake da na sauran ba a wurina. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shekara da shekaru katunan nan suna cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gado, ba leda ba komai, kuma lafiyarsu ƙalau in ban da 'yar ƙura. Sai da aka zo maganar a kare su ɗin nan sannan suka lalace.

Wani mai sayar da kaya a intanet ne ya tallata albam na kati, shafuka masu aljihu tara-tara, na tambaye shi ingancinsa ya ce min orijinal ne yallaɓai, irin wanda Turawa suke amfani da shi. Da ya iso kuwa abin gwanin sha'awa, ledar mai kauri ce, mai taushi, tana sheƙi, in ka riƙe ta sai ka ji ka riƙe kaya. Warin nan yana nan amma wa zai kawo komai a ransa, sabon abu ai dole ya yi warin sabunta. Na jera katuna kai tsaye cikin aljihunan, na ɗora albam ɗin saman wadirob, ɗaki mai rufin kwano, ga watan Afrilu ya shigo, zafin da ke haura digiri 40, ga wuta babu balle fanka ta juya. Ban sake waiwayarsa ba sai da ruwa ya fara sauka wani abokina ya zo yana son gani.

Da na buɗe, abin da na fara lura da shi shafukan sun manne da juna, sai ka ɗan ja su rabu da wata 'yar ƙara. Ledar ta yi dishi-dishi, in ka shafa sai ka ji maiƙo a yatsa. Katunan sun kwanta jikin ledar sun yi tabo-tabo kamar an ɗiga ruwa a ciki alhali ba ruwa. Na sa yatsa biyu na ja na Musa a hankali, ya ƙi, na ɗan ƙara ƙarfi, ya fito, amma shuɗin rigarsa daga kafaɗa zuwa ƙirji ya zauna a jikin ledar, a katin kuma sai fari fat. Abokin nan nawa bai ce komai ba sai innalillahi. Masu ƙyalƙyalin su suka fi jin jiki, kusan duk wanda ke da sheƙi a fuska ya dusashe ko ya ɓare.

Daga baya ne na zauna na bi diddigin abin. PVC asalinsa roba ce mai tauri, irin ta bututun ruwa, to don a mayar da ita mai taushi sai a zuba mata wasu sinadarai masu maiƙo, su kuma ba sa zama wuri ɗaya, da zafi ya buga sai su riƙa tsattsafowa, su narkar da santsin da aka shafa a fuskar kati, tawada ta bi su. A ƙasar sanyi ƙila abin ya ɗauki shekaru kafin a gani, mu nan bazara ɗaya ta isa. Ledar da ya kamata ita ce wadda ake rubuta wa PP, polifurofilin, ita ba ta buƙatar wannan maiƙon, ba ta da wari, kuma in ka murza ta tana ɗan yin ƙaras-ƙaras. In akwai tambarin nan mai kibiyoyi uku a jiki, lamba 5 ita ce PP, lamba 3 kuma PVC. In babu tambari kuma ba ka yarda da mai kaya ba, yanki ɗan gefen ledar ka tura shi cikin kofin ruwa ka kaɗe kumfar da ta maƙale masa, PP zai taso sama, PVC zai nutse. Na gwada da shafin albam ɗin nan, ko tsayawa bai yi ba, ya tafi ƙasa. Kofin ruwa ɗaya fa jama'a, shi ne tsakanina da katin nan.

Yanzu dai kowane kati sai ya fara shiga 'yar siririyar ledar nan mai araha, wadda suke zuwa ɗari-ɗari a fakiti, ta Ultra Pro ko BCW, an rubuta babu PVC babu asid a jikin fakitin. In ka gan ta sai ka raina ta, sakwaf take ba ta da wani kwarjini, amma ita ce mai aikin. Sai dai a kula da awo, nan ma mutane na zubar da kuɗi. Katin ƙwallo da Pokémon da na wasan Magic kusan awonsu ɗaya, wajen milimita 63 a faɗi 88 a tsawo, amma Yu-Gi-Oh ƙarami ne, 59 da 86, in ka sayi ledar da aka yi dominsa katin ƙwallo ba zai shiga ba, in ka matsa masa kusurwa ta lanƙwashe, kusurwa kuwa in ta tafi ta tafi. Akwai kuma wadda ake yi daidai jikin kati cif-cif, 64 da 89, irin ta kamfanin KMC, masu buga wasan kati suna saka ta a ciki sannan su ɗora mai kauri 66 da 91 a kai. Ni ban cika son ta ga tsofaffin katuna ba, matsewar ta yi yawa, wajen sakawa kaɗai sai ka ga gefe yana fari. Mai ɗan yalwar nan ta fi min kwanciyar hankali, kuma in ka ɗan datse kusurwa ɗaya ta bakinta da almakashi kati yana silalewa ciki ba tare da ya karo ba.

Masu kaurin nan masu launi a baya irin Dragon Shield, na masu wasa ne da kullum suna cakuɗa kati a hannu. In kai ajiya kake yi kawai, kuɗinka ka ƙona, kuma bayan katin ma ba za ka riƙa gani ba.

Katin da kake ji da shi kuma, bayan 'yar ledar sai ya shiga toploda, robar nan mai tauri inci 3 da 4 da ake zura kati ta sama. A nan ne na kusa zaucewa, don da na duba sai na ga ita ma yawanci da PVC ake yin ta. Na ce shi ke nan an sake. Ashe ita mai taurin ce, ba irin mai laushin da ake cika wa maiƙo ba, amma duk da haka ni dai bayan abin da na gani da idona ba kati na da zai taɓa ta tsirara, sai da leda a tsakani, dama ko ba don haka ba cikinta yana karce fuskar kati in yana motsi. Ita ma tana da awon kauri, ana rubuta 35pt ga kati na yau da kullum, sai 55, 75, 100, 130 har sama ga masu kauri irin waɗanda ake liƙa ƙyallen riga a ciki. Ka sayi wadda ta yi wa katin yawa ya riƙa yawo yana zamewa, ka sayi wadda ta yi kaɗan ka danne shi da hannunka.

Abin da masu bayani a YouTube ba za su gaya maka ba, tunda ba su san hunturu ba, bakin toploda a buɗe yake. Wata biyu na ƙura kawai za ka ga jan gari ya taru a gindinta, ya shiga har cikin 'yar ledar, kuma ƙurar nan yashi ce, in kati ya motsa tana gurzarsa. Akwai wata leda mai ɗan gam a baki da ake zura toploda gaba ɗaya a liƙe, ita nake amfani da ita. Kar ka sa salatif a bakin, gam ɗinsa yana narkewa da zafi ya gangara ciki, ka koma gidan jiya. Damina kuma ta zo da nata, masu ƙyalƙyali su fara lanƙwashewa, saboda takardar bayan tana shan laima ta kumbura shi kuma ƙyallin fuskar ba ya sha, hunturu ya zo takardar ta bushe su juya ɗaya ɓangaren. Na samu robar abinci mai murfi da ke rufuwa gam, na jefa 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, na ajiye ta ƙasa-ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Saman wadirob dai har abada.

Albam ma na sake saye, amma wannan karon mai zif, wanda aljihunsa ta gefe ake zura kati, shafukan a ɗinke suke ba zoben ƙarfe. Masu zagayayyen zoben nan in albam ya cika sukan danne katunan da ke layin ciki su bar musu shaida. Kuma ko a cikinsa sai da 'yar leda tukuna. Matata tana min dariya wai kati ɗaya riga uku, na ce ki bari kawai, ba ki ga kafaɗar Musa ba ne.

Sannan don girman Allah kar wanda ya kai kati shagon kwamfuta a yi masa laminatin. Na san hankalinmu can yake fara zuwa, tunda haka muke yi wa takardun makaranta da katin asibiti, wani ma da ya ji labarina abin da ya fara ce min ke nan, ai da ka yi laminatin. Laminatin gam ne da zafi, ya kama kati ya kama ke nan ba ya fita, wurin masu tara kati kuma katin ya mutu, ko kyauta ka ba su sai sun yi tunani. Kamfanonin da ke duba kati su ba shi maki irin PSA, daga 1 zuwa 10, kusurwa da gefe da fuska da daidaiton bugu suke dubawa, ɗan karce ɗaya yana sauke maki, balle a ce an narka roba a kai. Ni ban taɓa aika musu ba kuma ba na jin zan aika, kuɗin jirgi kaɗai ya fi katunana daraja, amma in kana da irin Mbappé na Panini Prizm na kofin duniyar 2018, wannan kam ka riƙe shi da hannu biyu.

Maganar kuɗi kuwa, ledojin kansu ba su da tsada, kawo su ne bala'i, sau da yawa kuɗin aikowa ya ninka kuɗin kayan ga dala ta ƙi zama wuri ɗaya. Mu yanzu haɗuwa muke yi mu 'yan kaɗan mu yi oda tare, ko mu jira mai dawowa daga waje ya jefo mana cikin jaka tunda ba nauyi. In za ka saya a nan gida, ka ce a turo maka hoton bayan fakitin ka karanta da kanka, in ya fara ce maka orijinal ne yallaɓai ba tare da hoto ba, ka san inda aka dosa. Kuma ko an rubuta babu PVC ɗin, ni sai na shinshina na kuma jefa a ruwa, don rubutu a jikin leda ba wuyar bugawa gare shi ba.

Na koma wa mai albam ɗin da hotuna, har da na shafin da shuɗin rigar ya maƙale. Ban ma nemi kuɗina ba, cewa na yi ya daina sayar wa mutane a matsayin na ajiyar kati. Amsar da ya ba ni wai ai zafin garinku ne ya yi yawa, shi ba wanda ya taɓa kawo masa ƙorafi. To zafin garinmu da ka karɓi kuɗin aikowa zuwa garin namu ba ka san da shi ba? Daga nan ya daina amsa min, kuma makon da ya wuce na ga ya sake ɗora tallan albam ɗin, har da ƙarin kuɗi.