Tsohon Bukhara

Yau bayan la'asar a harabar Masallacin Annabi a Madina, wani tsoho ya matsa mini wuri a ƙarƙashin lema, ya miƙo mini dabino uku. Ba ya jin Hausa, Larabcina kuwa na karatun allo ne, ba ya kai ni kasuwa. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Bukhara," wato garinsu a ƙasar Uzbekistan, mahaifar Imamu Bukhari. Na ce, "Imamu Bukhari?" Sai ga tsoho yana dariya har da hawaye, ya riƙe hannuna gam. Na buɗe waya na nuna masa hoton autana, na ce, "Baba, Buhari." Ya sumbaci wayar, ya yi ta jero masa addu'a da yarensu, ni dai amin kawai nake cewa.

Da aka kira magariba cunkoso ya raba mu. Ko sunansa ban tambaya ba.