Lasifikar waya ce ta kashe mini kiɗan da na tura wa abokai

Neman kiɗan gwaji na na'urorin lantarki ba shi ne aikin ba. Wanda ya san shafukan kiɗa na intanet Bandcamp da SoundCloud, yake kuma kunna rediyon NTS na Landan idan data ta samu, ba zai rasa sabon abin ji ba. Ni dabarata ɗaya ce: in wani kiɗa ya kama ni, sai in ƙyale mawaƙin in bi kamfanin da ya fitar da shi, domin ƙaramin kamfani galibi zaɓin mutum ɗaya ne ko biyu, in ya dace da kunnenka yau zai sake dacewa gobe. A Bandcamp kuma hotunan waɗanda suka sayi kundi suna nan a ƙarƙashinsa, sai ka danna wasu ka ga me kuma suka saya. Batun nema ke nan.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tazarar da ke tsakanin wayata da kunnen abokina. Wani kundin dub techno, kiɗan lantarki mai maimaituwa, na saya da dala, bayan katin naira ya gama wahalar da ni, na tura wa 'yan majalisarmu a Unguwar Rimi. Aka kunna shi a lasifikar waya, janaretan mai shago yana ruri a gefe. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mutumina, wannan kiɗa ne ko firij ne ya lalace?" Aka yi dariya, sunan ya zauna. Tun daga nan duk abin da na tura sai a ce ga kiɗan firij ya iso, ba tare da an buɗe ba.

Haushin shi ne ba su yi ƙarya ba. Abin da suka ji ba shi ne abin da na ji ba. Irin wannan kiɗa nauyinsa duk a ƙasa yake, bes ɗinsa, wato sautin nan mai kauri, yana yawo ne tsakanin 40 zuwa 100 Hz (ma'aunin sauti ne, ƙarancin lambar shi ne kaurin sautin), ita kuwa lasifikar waya da ƙyar take fitar da abin kirki ƙasa da 200 Hz. In ka cire bes, me ya rage? Tss-tss da shuu, sai wani amo da yake maimaituwa ba gaira ba dalili. Za ka ce ai amapiano ma bes ne, ga shi yana fita raɗau a kowace waya. Haka ne, amma masu haɗa shi suna ɗan ƙona bes ɗin da gangan don ya haifar da sautuka a samansa, waɗanda ƙaramar lasifika take iya ɗauka, ƙwaƙwalwa kuma ta cike sauran. Mai kiɗan gwaji a Balin ko Kampala bai damu da wannan ba, yana zaton da manyan lasifiku ko abin saƙalawa a kunne za ka saurara.

Sai WhatsApp ya ƙara nasa. Status yana matse sauti, saƙon murya kuwa don magana aka yi shi, saboda haka masu kara waya a jikin lasifika su naɗa su turo, Allah Ya shirye su. In fayil ɗin naka ne kana da ikon bayar da shi, tura shi a matsayin Document, zai isa yadda yake. MP3 mai 320 kbps yana cin kusan 2.4 MB a kowane minti, wato kiɗan minti 8 kusan 19 MB. FLAC, wato fayil ɗin da ba a rage ingancin sautinsa ba, ya ninka haka ko fiye, kuma babu abokin da zai ƙona datarsa a kan abin da bai sani ba. Bar shi sai kun haɗu ku yi Xender. In mawaƙin sayarwa yake yi, linkin Bandcamp ya isa, ana iya saurara kyauta kafin a saya, kuma ba ka tauye masa haƙƙi ba.

Amma ni yanzu ba na tura komai sai mutum ya fara ji a hannuna. Ina yawo da iyafis na biyu mai roba a baki, wanda yake toshe kunne, domin in robar ba ta zauna daidai ba bes ɗin zurarewa yake yi, mu koma gidan jiya. Lokaci ma yana da muhimmanci: bayan Isha'i in unguwa ta lafa, ko a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, inda mutum yake zaune wajen awa biyu ba inda za shi. In dole sai da ƙaramar lasifikar Bluetooth, jingina ta kusa da bango ko a kusurwar ɗaki, bes zai ƙaru. Ka dai san yawancinsu ta kafa ɗaya suke fitar da sauti, duk wasan da mai kiɗa ya yi tsakanin kunnen dama da na hagu a nan yake ɓacewa.

Akwai kuma tambayar da ba ta ƙarewa: "To yaushe za a fara waƙar?" Kunnen da ya tashi da baiti da amshi jira yake a buɗe baki. Don haka ka faɗa tun farko cewa babu mai rerawa, ka kuma ba shi wurin da zai fara, misali daga minti 2:40, kada ya mutu a shimfiɗa. Kiɗa ɗaya, ba jerin talatin ba.

Da na san haka, da daga maƙwabta na fara. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa a 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013; karin da ke ciki na gida ne, kuma sautin yana tsakiya, ko lasifikar waya ba ta iya kashe shi. Kundin farko na Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar, mai suna Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da injin ganga da gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, duk wanda ya ji sai ya ce kamar ya san wannan. Daga nan William Onyeabor na Inugu, mai na'urorin lantarki tun shekarun 1970. Kiɗan Singeli na Darussalam ta Tanzaniya da kamfanin Nyege Nyege Tapes ke fitarwa, wanda gudunsa ya haura bugu 200 a minti, ka ajiye shi sai mutum ya tambaya da kansa ko akwai wanda ya fi wannan zafi.

Biyu daga 'yan majalisar sun shigo ta wannan ƙofa, ɗaya har ya fara turo mini nasa. Wancan kundin da na saya da dala kuwa, na miƙa iyafis, na roƙa, sun ce sun riga sun ji shi.